Yadda Kuɗin Haraji Ke Tafiya Daga Jiha Zuwa Jiha a Ƙasar Amurka

A watan da ya wuce, sa'ad da aka aike mu koyon aikin malanta, an ba ni ajin manya in koya musu labarin ƙasa. Muna kan ƙasar Amurka, na zana musu taswirarta a allo, na ce jihohinta 50 ne, kowace da Gwamnanta da majalisarta da baitulmalinta, amma dukansu suna ƙarƙashin babbar Gwamnati guda wadda ke zaune a birnin Washington. Sai wani yaro can baya ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, in an tara haraji an kai wa babbar Gwamnati, kowace jiha abin da ta kai shi a ke mayar mata?" Na ce masa i, don haka na ke zato, ga shi kuma an kusa buga ƙararrawa. Da na komo na bincika, sai na tarar abin da na faɗa wa yaron ba haka ya ke ba ko kusa. Na koma na gyara maganata gaban aji, ba tare da jin daɗi ba. Na ga ya kamata in rubuta abin da na samu, don kada wani daga cikinmu ya yi irin tuntuɓen da na yi.

Yaron nan adashi ya ke tunani. A adashi kowa ya zuba sule goma, ranar ɗaukarsa abin da ya zuba shi zai kwasa, uwar adashi ba ta rage wa wani ta ƙara wa wani. Asusun tarayya ba haka ya ke ba. Ya fi kama da gandu, inda 'yan'uwa ke noma gona guda su zuba a rumbu guda, a auna wa kowane ɗaki gwargwadon bakunan da ke cikinsa, ba gwargwadon damin da mai ɗakin ya ɗaure ba. Amma ko wannan misalin yana da gyara, gama a gandu akwai maigida wanda ya ke zaune ya ke rabo da saninsa. A Amurka kuwa babu wani ma'aji da ke zama ya ce, "A ɗebi kaza daga jihar New Jersey a kai wa jihar Misisipi." Duk da haka kowace shekara kuɗi masu ɗimbin yawa suna barin waccan suna sauka a wannan. Yadda wannan ke faruwa ba da umurnin kowa ba, shi ne abin da za mu duba.

Mu fara da ƙofar shiga. A shekarar kuɗi ta 2023 babbar Gwamnati ta tara wajen dala tiriliyan 4.4. Tiriliyan ɗaya, watau miliyan sau miliyan ke nan. Wajen rabin wannan kuɗi harajin samu ne, wanda kowane mutum ke biya bisa abin da ya samu a shekara. Fiye da sulusi kuma haraji ne da a ke cirewa daga albashi don fansho da maganin tsofaffi. Harajin kamfanoni bai wuce wajen ushiri ba. Ka ga ke nan yawancin kuɗin daga aljihun mutane ya ke fitowa, mutum ɗaya ɗaya. Ba baitulmalin jiha ne ke tara harajin nan ya aika wa Washington ba.

Da can ba haka abin ya ke ba. Waɗanda suka rubuta tsarin mulkin ƙasar a 1787 sun sa sharaɗi cewa in za a ɗora wa mutane haraji kai tsaye, sai a raba shi tsakanin jihohi bisa yawan jama'arsu. Jihar da ke da ushirin mutanen ƙasa ita za ta kawo ushirin harajin, ko mutanenta attajirai ne ko matalauta. Ku lura da abin da wannan ke nufi: in jihohi biyu sun yi daidai wajen yawan mutane, amma ɗaya ta ninka ɗaya wajen dukiya, to, mutumin jiha matalauciya sai ya ba da kashi biyu na samunsa inda na jiha mawadaciya zai ba da kashi ɗaya. Saboda wuyar wannan sharaɗi, Gwamnati ta daɗe tana dogara ga kuɗin fito na kayan da a ke shigowa da su daga ƙetare, da harajin giya da taba. A zamanin nan mutanen kudu, manoman auduga, su ne masu kuka. Suna cewa kuɗin fito yana tsadadda musu kaya don masu masaƙu na arewa su ci riba, har a 1832 jihar Carolina ta Kudu ta ce ba za a karɓi kuɗin a ƙasarta ba. A 1894 majalisa ta kafa harajin samu, a 1895 babbar kotu ta soke shi, ta ce ya saɓa wa sharaɗin nan. Sai a 1913 aka yi wa tsarin mulki gyara na 16, aka yarda a karɓi harajin samu ba tare da an raba shi bisa jihohi ba. Daga ran nan haraji ya daina tambayar mutum jiharsa, sai dai ya tambaye shi samunsa.

Harajin samu kuwa hawa-hawa ne. Tun daga 2018 matakansa 7 ne, na ƙasa 10 bisa 100, na sama 37 bisa 100. Ba wai mai samu da yawa zai biya 37 a kan dukan samunsa ba, a'a, kowane yanki na samun da matakinsa, sai abin da ya haura can ƙoli shi ke shan mafi nauyi. To, su mawadata ba a watse su ke daidai cikin ƙasa ba. Sun taru inda manyan bankuna da kamfanoni su ke, kamar New York da kewayenta, da Boston, da gaɓar Kalifoniya. A 2023, in aka raba samun mutanen jiha bisa kawunansu, na Massachusetts da Connecticut ya kai wajen dala 90,000 kowane kai, na Misisipi kuwa wajen 50,000.

Ga wani lissafi da na shirya wa ajina. Adadin nawa ne, na ƙaga shi don sauƙi, ba na dokar Amurka ba ne. A ce garuruwa biyu, kowane da magidanta 100. A garin farko kowa na samun dala 60,000 a shekara, a na biyu 30,000. Doka ta ce dala 20,000 na fari a biya 10 bisa 100, abin da ya haura a biya 30 bisa 100. Mutumin garin farko zai biya 2,000 da 12,000, watau 14,000. Na garin biyu zai biya 2,000 da 3,000, watau 5,000. Samun wancan ninki biyu ne, amma harajinsa ya kusa ninki uku. Garin farko ya kawo 1,400,000, na biyu ya kawo 500,000, jimla 1,900,000. In Gwamnati ta kashe wa kowane magidanci daidai wa daida, kowane gari zai ga 950,000. Dala 450,000 sun tashi daga wannan gari sun koma wancan, alhali kuwa dokar ba ta ambaci sunan gari ko ɗaya ba. Yaran sun yi ta maimaita lissafin suna neman inda aka yi musu wayo, ba su samu ba.

A lissafin nan mun ce an kashe wa kowa daidai. Gaskiyar magana, ƙofar fita ma tana karkata, kuma gefen da ta shiga ta karkata nan ita ma ta ke karkata.

Abin da ya fi cin kuɗin Gwamnatin Amurka shi ne fanshon jama'a, wanda aka kafa a 1935 zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, lokacin da karayar arziki ta jefa miliyoyin mutane cikin rashin aiki. Ma'aikaci na biyan 6.2 bisa 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya biya wani 6.2. In ya tsufa, ko ya naƙasa, a riƙa ba shi kuɗi wata wata, in ya mutu a ba iyalinsa. Amma ba abin da ya zuba a ke auna masa ba sak. A kan kasa matsakaicin albashinsa kashi uku: a yankin ƙasa a mayar masa da 90 bisa 100, a na tsakiya 32, a na sama 15. Saboda haka leburan da ya yi rayuwarsa da ɗan albashi, abin da ya ke karɓa ya fi kusa da albashinsa na da bisa ga abin da babban akawu ke karɓa. Jihar da ta fi yawan tsofaffi da naƙasassu, kamar Virginia ta Yamma, inda aikin haƙar kwal ya cinye ƙarfin mutane da yawa, ita za ta fi ganin waɗannan kuɗi.

A 1965, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, aka ƙara shiri biyu na magani. Ɗaya sunansa Medicare, na waɗanda suka kai shekara 65. Ɗayan Medicaid, na marasa ƙarfi. Wannan na biyun ya cancanci mu tsaya kansa, don a nan ne doka ta dubi jiha da gangan. Jiha ce ke gudanad da shirin, babbar Gwamnati ta ɗauki wani kashi na kuɗin, kashin kuwa a kan auna shi bisa samun mutanen jihar in an gwada da na ƙasa duka. Ba ya kasa 50 bisa 100. Jihohi mawadata irin su New York da Kalifoniya da New Jersey 50 ɗin su ke samu. A Misisipi kuwa, in an kashe dala 100 wajen jinyar talaka, wajen 77 daga Washington su ke zuwa, jiha ta cika sauran.

Sai dai a nan akwai wani abin mamaki. Tun da ya ke sai jiha ta zuba nata kafin a ƙara mata, jihar da ta fi buɗe hannu ita ta fi kwasa. New York tana kashe wa marasa lafiyarta kuɗi da yawa, saboda haka rabin da a ke ba ta ba ƙaramin abu ba ne. Har wa yau, a 2010 an yi dokar da ta faɗaɗa shirin ga ƙarin matalauta, yau babbar Gwamnati ke ɗaukar 90 bisa 100 na kuɗin waɗannan sababbi. A 2012 babbar kotu ta ce ba a tilasta wa jiha shiga. Har zuwa 2025 jihohi 10 ba su shiga ba, Misisipi na cikinsu. Ga tuwo an ajiye a ƙofar ɗaki, mai ɗakin ya ce ba ya so, don shugabannin jihar suna ganin ushirin da za su cika zai yi musu nauyi, kuma ba su yarda da hannun Washington cikin sha'aninsu ba.

Akwai kuma taimakon abinci, wanda aka tabbatad da dokarsa a 1964, da kuɗin hanyoyi, da na makarantun 'ya'yan matalauta. Ba sai na bi su ɗaya ɗaya ba.

Wani kashi na kuɗin ba ruwansa da talauci ko wadata. Gwamnati tana biyan soja da ma'aikata, tana ba da kwangilar jirage da makamai, kuɗin kuwa inda bariki ya ke nan su ke sauka. Virginia da Maryland ba matalauta ba ne, amma su ne maƙwabtan Washington. Hedkwatar sojan ƙasar tana Virginia, haka kuma babbar tashar jiragen ruwan yaƙi ta Norfolk, don haka Virginia tana cikin jihohin da suka fi karɓa fiye da abin da su ke biya. New Mexico ta haɗa biyu, ga talauci ga kuma ɗakunan binciken makaman nukiliya na Los Alamos da Sandia. Siyasa ma tana da nata hannu. A majalisar dattawa kowace jiha wakili biyu gare ta, Wyoming mai mutane ƙasa da 600,000 da Kalifoniya mai wajen miliyan 39 duk ɗaya. Dattijon da ya daɗe a kujera ya kan iya jawo ayyuka gida. Robert Byrd ya wakilci Virginia ta Yamma daga 1959 har ya rasu a 2010, a zamaninsa ne aka ɗauke ofishin adana zanen yatsu na 'yan sandan ciki daga Washington aka kai garin Clarksburg na jiharsa. Mutane sun fi son ba da irin wannan labari, don yana da daɗin ji, amma in aka auna shi da fansho da magani, cikin cokali ne.

To, in an haɗa shiga da fita, wa ke bayarwa, wa ke karɓa? Wanda ya shahara da wannan ƙidaya shi ne Daniel Patrick Moynihan, wakilin New York a majalisar dattawa daga 1977 zuwa 2001. Kowace shekara ya kan fito da lissafi ya nuna jiharsa tana aikawa da fiye da abin da ke komo mata. Yau wata cibiyar bincike mai sunan Rockefeller a birnin Albany tana ci gaba da irin wannan aiki. Shekara da shekaru sunayen da ke fitowa a gefen masu bayarwa su ne New Jersey da Massachusetts da Connecticut da New York. A gefen masu karɓa kuwa ana samun Misisipi da Kentucky da Alabama da Virginia ta Yamma da New Mexico. Abin da ke ƙara wa gardamar gishiri shi ne, da yawa daga jihohin da ke karɓa su ne ke zaɓen masu cewa a rage haraji a rage kashe kuɗi, masu bayarwa kuwa su ne ke zaɓen masu cewa a ƙara.

Amma kada malami ya ɗauki wannan jeri ya kafa a allo kamar jadawalin sau. Ƙidayar tana da ramuka. Ga mutum ya yi aiki shekara 40 a New York, can ya biya harajinsa duka. Da ya tsufa sanyi ya dame shi, ya ƙaura Fulorida, can a ke aika masa fanshonsa. A littafin mai ƙidaya New York ta yi hasara, Fulorida ta ci riba, alhali mutum ɗaya ne ya ci abin da ya ajiye. Ga kuma kamfani mai hedkwata a wata jiha, masana'antarsa a wata, masu sayen kayansa a ko'ina, wace jiha za a ce ta biya harajinsa? Jirgin yaƙin da aka ƙera a Virginia kuma, mutanen Virginia kaɗai ya ke tsaro? Sa'an nan ga bashi. A shekarar nan ta 2023 da aka tara tiriliyan 4.4, abin da aka kashe ya kai wajen 6.1, sauran rance ne. In Gwamnati na kashe abin da ba ta tara ba, yawancin jihohi sai su bayyana a gefen masu karɓa. A 2020, shekarar annobar korona, da aka yi ta raba wa mutane kuɗin agaji, babu jiha ko ɗaya da ta biya fiye da abin da ta karɓa. Mai bayarwa a shekarar nan shi ne wanda zai biya bashin nan gaba, wataƙila ma ba a haife shi ba tukuna.

Kukan mutanen New York yana da gaskiya ta wani gefe, bai kamata a yi masa dariya ba. Matakan haraji iri ɗaya ne a ƙasa duka, tsadar zama kuwa ba ɗaya ba ce. Malamin makaranta a birnin New York albashinsa ya fi na takwaransa a ƙauyen Misisipi, don haka harajinsa ya fi, amma kuɗin hayar ɗaki ya cinye bambancin tun kafin ya kai kasuwa. Ana yi masa awo da mudun mawadata alhali shi ba mawadaci ba ne. Wannan aibi ne na gaske. Inda na rabu da masu kukan shi ne wajen cewa "jiharmu" a ke cuta. Attajirin Misisipi yana biyan abin da attajirin New Jersey mai irin samunsa ke biya. Tsohuwar da ke unguwar Bronx cikin New York tana karɓar abin da irinta ke karɓa a Alabama. In an ce New York ta ba da kaza, ma'anarsa ita ce a New York masu babban samu suka fi taruwa. Dukiyar da suka tara kuma ba a bakin kogin Hudson kaɗai aka haƙo ta ba. Bankin da ke New York da kuɗin manomin Iowa ya ke juyi, likitan da ke aiki a Boston wataƙila wata jiha ce ta ɗauki nauyin karatunsa na fari.

Akwai kuma amfanin da ba ya fitowa a lissafin shekara guda. In masifa ta faɗa wa wata jiha, masana'antu suka rufe, samun mutane ya ragu, harajin da su ke aikawa sai ya ragu da kansa, taimakon da ke zuwa musu ya ƙaru da kansa, ba sai Gwamna ya tafi roƙo ba. Yau ga wannan, gobe ga wancan. A 2005 guguwar Katrina ta rushe New Orleans da gaɓar Misisipi, aka kai musu agaji daga asusun ƙasa. A 2012 guguwar Sandy ta bugi New York da New Jersey, manyan masu bayarwa, a farkon 2013 majalisa ta ware musu wajen dala biliyan 50.

Ko wannan zuba ya ɗaga jihohi matalauta? Ya ɗaga, amma bai daidaita su ba. A 1929 samun mutumin Misisipi bai kai rabin na matsakaicin Ba'amurke ba, yau ya kai wajen 70 bisa 100. Ba za a ba kuɗin Washington ladan wannan duka ba. Miliyoyin baƙaƙen fata da fararen fata sun bar gonakin kudu sun tafi biranen arewa neman aiki, masana'antu kuma sun gangaro kudu neman arahar ma'aikata. Amma madatsun ruwan kogin Tennessee, waɗanda aka kafa hukumarsu a 1933, sun kai lantarki ƙauyukan da ba su taɓa ganinsa ba. Duk da haka Misisipi tana nan a ƙarshen layi ko kusa da shi. Fansho ya kan hana tsoho kwana da yunwa, ba ya gina wa jikansa masaƙa.

Waɗansu ƙasashen tarayya ba su bar abin ga tsautsayi ba, sun sa maigida ya zauna ya yi rabo a fili. Amurka ta taɓa gwada wani abu mai kama da haka a 1972, zamanin Shugaba Nixon, tana ba jihohi da ƙananan hukumomi kuɗi su yi abin da suka ga dama, amma a 1986 aka kashe shirin. Jamus kuwa, mai jihohi 16, tana da doka ta musamman wadda ke rage wa masu ƙarfi ta ƙara wa marasa ƙarfi. A 2023 an juya wajen yuro biliyan 18 ta wannan hanya, wajen rabi daga jihar Bavariya kaɗai, birnin Berlin kuwa shi ya fi karɓa. A shekarar nan Bavariya ta kai ƙara kotun tsarin mulki, ta ce nauyin ya yi mata yawa. Abin lura shi ne, daga 1950 har zuwa 1986 ita kanta Bavariya a layin masu karɓa ta ke, tana ƙasar manoma, kafin masana'antunta su bunƙasa. Inda rabo ya ke a fili kowa ya san abin da ya fita daga rumbunsa, don haka faɗan ya fi zafi.

Mu a Nijeriya irin ta Jamus mu ke bi, har mun zarce. Yawancin kuɗin ƙasa a kan tara su a asusun tarayya, kowane wata a zauna a Abuja a raba: 52.68 bisa 100 ga Gwamnatin tarayya, 26.72 ga jihohi 36, 20.60 ga ƙananan hukumomi 774. Tsarin mulki na 1999 ya ce a fara mayar wa jihar da aka haƙo ma'adini a cikinta abin da bai kasa 13 bisa 100 ba. Rabon jihohi kuma a kan kasa shi, kashi 40 daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, sauran bisa faɗin ƙasa da bukatun jama'a da ƙoƙarin jiha wajen tara nata haraji. Gardamar nan ta girme mu duka. Tun 1946 aka naɗa Phillipson ya duba ta, a 1958 kwamitin Raisman ya ba yankin da aka haƙo ma'adini rabin kuɗinsa, a 2021 jihar Ribas ta ci nasara a wata kotun tarayya kan cewa ita ya kamata ta karɓi harajin sayen kaya a ƙasarta, aka ɗaukaka ƙara, a 2025 kuma aka sake dokokin haraji.

Bambancin da na ke so ɗalibi ya riƙe shi ne hanyar da kuɗin ke bi. A Amurka mafi yawansu daga aljihun mutum su ke fita, a hannun mutum su ke sauka, takardar fansho da sunan tsoho a kanta, kuɗin asibiti da sunan majinyaci. A wurinmu daga rijiyar mai da tashar jirgi da kamfani su ke fita, su sauka a baitulmalin jiha, daga nan sai abin da Gwamna da majalisarsa suka yi da su. Shi ya sa in an ce jiha kaza ta karɓi biliyan kaza a wata, ba a gaya maka kome ba tukuna game da manomin da ke cikinta.

Da na gama wannan bayani a aji, yaron nan ya sāke ɗaga hannu. Ya ce, a lissafin garuruwa biyu, in mutanen garin farko suka gaji suka ce za su ware, me zai faru? Na ba su aikin gida: su lissafa abin da kowane magidanci na garin biyu zai samu in an bar su da 500,000 ɗinsu, sa'an nan su sāke lissafin duka a kan cewa fari ya faɗa wa garin farko, samun kowa ya koma 15,000, su kawo mini ran Litinin.